Babi na Bakwai: Idan Mota Ta Tsaya

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Funtuwa zai wuce Kwatarkwashi da dutsenta, ya shiga Tsafe bayan tafiyar kusan kilomita 50, sannan ya bi ta Kucheri da Wanzamai ya faɗa 'Yankara a ƙasar Katsina. A da, waɗannan sunaye na tuna wa matafiyi inda ake sayen rake ko gyaɗa ko tsire. Yanzu direbobin tasha suna ambaton su ne da wata murya daban. Kafin a loda fasinja sai an buga waya gaba an tambaya: "Yaya hanya?" Idan aka ce "an tare", kowa ya koma ya zauna a benci, ko da kuwa mota ta cika maƙil.

Wannan titi shi ne jijiyar da ta haɗa Sakkwato da Kabi da Zamfara da sauran ƙasar nan, kuma yana ratsa gefen dazukan da 'yan bindiga suka mayar gida. A yankin Tsafe sunan Ado Aleru ba baƙo ba ne; shi ne wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020, aka kuma wayi gari a watan Yulin 2022 an naɗa shi Sarkin Fulanin 'Yandoton Daji, abin da ya jawo aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. A watan Agustan 2023, a kan hanyar Zamfara aka sauke wasu matasa takwas masu shirin yi wa ƙasa hidima, waɗanda suka taso tun daga Akwa Ibom za su Sakkwato, aka shige daji da su tare da direbansu. Na ƙarshensu sai da ya kwashe kusan shekara guda a hannun mutanen. Ban kawo waɗannan don tayar da hankalin mai karatu ba. Duk wanda ke zaune a Gusau ko Bunguɗu ko Tsafe ya san abin da ya fi haka. Na kawo su ne don mu tsaya a kan wani abu guda da kusan duk labaran tare hanya suka yi tarayya a kansa: ba a ɗaukar mutum daga motar da ke gudu. Sai ta tsaya.

Mota mai tafiya tana da nauyi, tana da sauri, tana da zaɓi. Da zarar ta tsaya, ta zama akwatin ƙarfe mai ƙofa huɗu, mutanen ciki a zaune, gwiwa a lanƙwashe, ba sa ganin bayansu sai ta madubi. Shi ya sa duk dabarar ɗan ta'adda take ƙarewa a kan yadda zai tsayar da kai: ya gitta itace, ya buɗe wuta a taya, ya sa kaki ya kafa shingen ƙarya, ko kuma ya jira ka tsayar da kanka da kanka. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni takaici, domin shi ne wanda ke hannunmu.

Mu ɗauki faci. Taya ta sace tsakanin Magazu da Kucheri, rana ta karkata. Abin da jiki ya saba shi ne a gangara gefe, a buɗe but, a fito da jak da safaya. Canjin taya ga wanda ya iya yana cin minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma a duk tsawon lokacin direba na durƙushe ya ba daji baya, fasinjoji sun watsu, wannan na waya, wancan ya tsallaka kwalbati zai kama ruwa. Direban da ya san hanya ba ya yin haka. Yana rage gudu, ya riƙe sitiyari da kyau, ya ci gaba da jan motar a kan wili har sai ya kai gari ko shingen sojoji. Wilin zai lalace, tayar ma ta tafi ke nan. A irin wannan hali za ka ji wani fasinja daga baya ya ce, "Direba, ka tsaya mana, za ka kashe wa mai mota taya." Amsar tsofaffin direbobi ba ta da tsawo: "Alhaji, yi haƙuri. Taya akwai ta a kasuwa." Gaskiyarsa ke nan. Kuɗin wili da taya, komai tsadarsu, ba su kama ƙafar kuɗin fansar mutum ɗaya ba, balle a yi maganar rai.

Saboda haka tsaron motar da ta tsaya tun a gida yake farawa, kafin a tayar da ita. A duba ruwan lagireto, a duba iskar taya har da safaya, a sha mai isasshe a cikin gari. A yi fitsari, a kama ruwa, a yi sallah kafin a hau. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya ba shi damar ƙasaru da haɗa salloli, kuma malamanmu sun sha bayyana cewa tsare rai yana gaba. Ba taƙawa ba ce mutum ya tilasta wa direba tsayawa a tsakiyar daji don La'asar, alhali Tsafe na gabansa da masallatai. Haka nan batun lokaci. Sammakon da ya wuce kima da tafiyar bayan Magariba duk ganganci ne a wannan hanya. Direbobi da yawa sun fi son su bari rana ta ɗaga, jami'an tsaro sun fito, motocin farko sun wuce an ji labarinsu.

To, idan tsayawar ta zama dole fa? A nan ne ƙananan abubuwa suke da girma. Mota ta fuskanci mafita. Wanda ya shiga kasuwa ko gidan biki ko harabar masallaci ya cusa kan motarsa a lungu, to ya ɗaura wa kansa aikin ribas a lokacin da hannu ke rawa, mutane na gudu ta ko'ina. Gara ya sha wahalar juyawa tun da farko, lokacin da hankali ke kwance, ya ajiye ta yadda giya ɗaya za ta fitar da shi. A layin shinge ko cunkoso, kada ka manne wa motar gabanka. Ka bar tazarar da za ka riƙa ganin inda tayoyinta na baya suka taɓa kwalta. Wannan tazarar ce za ta ba ka damar karya sitiyari ka fice ba tare da ja da baya ba. Direbobinmu na da ɗabi'ar cike kowane gurbi don kada wani ya shige gabansu, kuma wannan ɗabi'a ce ke mayar da motoci ashirin su zama sarƙa ɗaya wadda babu mai iya motsi a cikinta. Makulli kuma ya kasance a hannu tun kafin a iso mota. Mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa yana lalube a aljihun babbar riga, waya a kunne, ya ba da daƙiƙa goma kyauta ga duk mai jiransa.

Wani tsohon sojan Amurka mai suna Jeff Cooper, wanda ya shahara wajen koyar da harbi, ya kasa hankalin mutum gida huɗu ya ba kowanne launi. Fari shi ne mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri. Ruwan ɗorawa shi ne wanda ke cikin natsuwa amma idonsa buɗe. Ruwan lemo shi ne wanda ya hango wani abu takamaimai da bai kwanta masa ba, ya fara shirya abin da zai yi. Ja kuwa an riga an shiga ciki. Abin da Cooper ya nace a kai shi ne mai makami ma idan aka same shi a fari, makamin ba ya tsinana masa komai. Direbobin Tsafe ba su karanta shi ba, amma sun san wannan ilmi fiye da masu koyar da shi, don da jininsu suka saye shi.

Ka zauna kusa da ɗaya daga cikinsu ka lura da idonsa. Abin da yake ƙirgawa shi ne motocin da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren. Titi irin wannan ba ya rabuwa da tirela da tanka da ƙananan motoci. Idan aka ɗauki mintuna babu ko ɗaya da ta gifta, to wani abu ya riƙe su a gaba. Nan take zai sassauta, ya nemi gari mafi kusa ya tsaya cikin jama'a. Idan mai tahowa ya yi ta ƙyafta masa fitila yana juya hannu ta taga, ba ya tsayawa tambaya, juyawa yake yi. Yana kallon bakin titi: ina 'yan matan da ke tallar gyaɗa a nan kullum? Me ya sa mai shayi ya bar tukunya a wuta babu kowa a benci? Manoma na aiki a gona ko kuwa sun yar da fartanya sun nufi gari? Yana kallon ƙurar da ta tashi a layi daga cikin daji, irin wadda babura da yawa ke tayarwa, ba irin ta iska ba. Yana kuma rage rediyo ya sauke gilashi kaɗan, domin kunne kan riga ido jin rugugin babura ko ƙarar harbi. A damina, lokacin da gero da dawa suka yi tsawo har suka rufe mutum a tsaye, hankalinsa kan ƙara tashi, don gona ta matso har bakin kwalta.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa a nan, kuma da gaske nake. Lura da take-taken mutum daban, zargin ƙabilarsa daban. Bafulatanin da ke tsaye da sandarsa yana jiran mota a Wanzamai, mai yiwuwa shi ma an kore masa shanu, an kashe masa ɗan'uwa. Rikicin Zamfara ya yi muni ne a wani ɓangare saboda an riƙa hukunta mutane a kasuwanni bisa kamanninsu, ramuwar gayya ta bi baya. Abin da ake kallo shi ne aiki: mutum uku a kan babur ɗaya fuska a naɗe, abu mai tsawo a ƙarƙashin riga, wanda ke bin motarka duk kwanar da ka sha, wanda ya tsaya yana kallon motarka yana magana a waya a ɓoye. Masu kai rahoto, waɗanda ake kira infoma, sau da yawa ba daga daji suke ba. Suna cikin gari, suna jin Hausa kamar kowa, wani lokaci ma sun san sunan 'ya'yanka.

Wannan ya kawo mu ƙofar gida, wurin da mutane suka fi sakin jiki. A unguwannin bayan gari na Gusau da Tsafe, mai gida kan dawo da dare a lokaci guda kullum, ya tsaya a bakin get da fitila a kunne, ya yi ta hon yana jiran yaro ya farka ya buɗe. Duk wanda ya kwana uku yana lura da shi ya haddace wannan. Gyaran ba shi da wuya. A buga waya tun daga nesa a buɗe ƙofa kafin a iso. A riƙa sauya lokaci da hanya. Idan aka hango baƙuwar fuska ko babur a rakuɓe inda ba a saba gani ba, kada a tsaya, a wuce kamar ba gidan za a ba, a zagaya. Sannan a kama baki. Wanda ya sayar da buhunan waken suya ko shanu, ya zauna a majalisa ko a tasha yana faɗin ranar da zai tafi da abin da ya samu, ya riga ya yi wa infoma rabin aiki.

Yanzu maganar bindiga, wadda na san ita wasu masu karatu ke jira.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta fito ta ce jama'ar Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu. Mutane da yawa sun ji daɗin maganar, kuma ban ga laifinsu ba; wanda aka kashe wa uba a gona aka sace masa mata ba ya bukatar a yi masa lacca a kan haƙuri. Amma ba a je ko'ina ba rundunar 'yan sanda ta ce ba ta bayar da sabon lasisi, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar makamai ta ƙasa, wadda asalinta ke komawa 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Irin na yaƙi, kamar AK-47, sai da izinin shugaban ƙasa. Na kai, kamar bindigar farauta mai harsashin ƙwarya, sai da lasisin Sufeto Janar. Na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da bindiga babu lasisi yana iya fuskantar ɗaurin shekara goma. Tsarin mulki a sashe na 33 da kuma dokar Penal Code sun amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfin da ya dace da barazanar. Haƙƙin kare kai bai zama lasisin ɗaukar makami ba. A watan Maris na 2021 ma fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Sojan da ya iso wurin da ake harbe-harbe ya ga farar hula riƙe da bindiga a gefen mota ba shi da lokacin tambayarsa ko shi wane ne.

Mu ajiye doka, mu dubi abin yadda yake faruwa. A 1983 wani ɗan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya gwada ya gano cewa mutum mai wuƙa zai iya cin tazarar ƙafa 21, kusan mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke bukata ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙugu ya harba. Wannan horarre ke nan, a tsaye, yana sane da abin da ke zuwa. To ina ga ɗan kasuwar da ke zaune a bayan sitiyari, bindigarsa na ƙarƙashin kujera a naɗe cikin tsumma? Kuma masu tare hanyar Tsafe ba mutum ɗaya ba ne da wuƙa. Suna fitowa da yawa, biyu ko uku a kan kowane babur, kowace AK-47 na ɗauke da harsashi 30 a gida ɗaya, tana kuma kai wa mita 300. Bindigar gargajiya sau ɗaya take tashi sai an sake ɗuri. Ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. Harbi ɗaya daga cikin motar haya yana nufin a buɗe wa motar wuta gaba ɗaya, da mata da yara da tsofaffin da ba a shawarce su ba. Mai bindigar ya yanke hukunci a kan rayukan mutum goma sha takwas.

Finafinai sun kuma cuce mu da hoton jarumin da ke fakewa a bayan ƙofar mota. Ƙofar mota falle ne na ƙarfe marar kauri da roba da gilashi. Harsashin AK-47 na huda ta ya fita ta ɗaya ƙofar. Mota tana ɓoye mutum daga ido, amma ba ta tare masa harsashi, in ban da wuri biyu: injin, da kuma wili da ƙarfen da ke riƙe da shi. Wanda harbi ya rutsa da shi a waje, ya kwanta ƙasa a bayan tayar gaba, injin na tsakaninsa da inda wutar ke fitowa. Wanda ke ciki kuma mota na iya tafiya, to makaminsa ita ce motar: kai ƙasa, a taka, ko gaba ko baya, duk inda ke buɗe. Kwalbati da ramin gefen titi da tudun ƙasa duk sun fi jikin mota tare harsashi.

Ba cewa nake makami ba shi da wuri ba. Garuruwa da dama a Zamfara sun tsira ne domin mazajensu sun tsaya. Amma tsayuwar gari daban take: mutane ne da yawa, sun san ƙasarsu, suna da ganuwa ko rami, suna da mai gadi a sama, sun san wanda ke ba da umarni. A kan wannan tunani ne gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ranar 31 ga Janairun 2024, mutum sama da 2,600. Duk da horonsu da makamansu, a watan Oktoban wannan shekarar an yi musu kwanton ɓauna a yankin Tsafe aka kashe tara daga cikinsu, Allah ya jiƙansu. Idan haka ta samu ayarin da ya fito da shirin faɗa, mutum ɗaya a motarsa ya kamata ya auna kansa da ma'aunin gaskiya. Tsorona da bindigar da ke cikin mota shi ne ƙarfin halin da take sa wa mai ita. Tana sa shi ya bi hanyar da da zai haƙura da ita, a lokacin da da zai kwana a Funtuwa.

Idan kuma an riga an kewaye mota, bakin bindiga na taga, lokacin dabara ya wuce. Hannu a bayyane, babu motsin ba-zata, babu kai hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera ba tare da an ce a yi ba, babu gardama a kan waya ko kuɗi. Yawancin 'yan bindigar yara ne, wasu a buge, yatsa a kan kunama, su ma a tsorace. Uba ya riƙe ɗansa, ya yi magana a hankali. Wannan ba ragwanci ba ne. Mai iyali da ya dawo gida bayan wata biyu ya fi musu amfani a kan wanda aka kawo gawarsa a ranar. Gudu kuwa yana da lokacinsa, a daƙiƙun farko na ruɗani, idan akwai nisa da abin fakewa. Shi ya sa ya kamata iyali su tattauna tun a gida: wa zai ɗauki ƙaramin yaro, wa zai kama hannun Inna, ina za a haɗu idan aka rabu. Matan gida su ma a sa su cikin maganar. Sau da yawa Hajiyar da ke kujerar baya ita ke fara hango abin da direba bai gani ba, sai ta yi shiru don kada a ce ta cika tsoro. A gaya mata ta faɗa, kuma idan ta faɗa a saurara.

Wanda Allah ya kuɓutar ya juyo, akwai aikin da ya rage masa. Ya ƙyafta wa duk motar da ya haɗu da ita fitila, ya tsaya a gari na farko ya shaida wa jami'an tsaro da 'yan yuniyon wurin da abin yake da yawan mutanen da ya gani. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rayuwa babu waya lokacin da aka rufe layukan sadarwa a watan Satumban 2021, kuma har yanzu akwai wurare a wannan titi da sabis ke ɗaukewa. Don haka lambar shugaban tasha da ta ofishin 'yan sanda na Tsafe da ta wani ɗan'uwa su kasance a rubuce a takarda cikin aljihu, ba a waya kaɗai ba, domin waya ce abu na farko da ake ƙwacewa. Kafin a tashi kuma a gaya wa mutum ɗaya amintacce lambar motar da aka shiga da lokacin da ake sa ran isa, a ce masa idan lokacin ya wuce da awa ɗaya bai ji kira ba, ya fara nema.